Ina za a je ganin kada: Yankari, gidan zu, ko tafkin Paga?

Duk sanda hoton wani ya zagaya a Facebook ko WhatsApp yana tsugune a bayan ƙaton kada, ya riƙe masa wutsiya yana murmushi, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: wannan a ina ne, mu kuma nan Bauchi da Gombe ina za mu je mu ga irinsa? Hanyoyi uku ne a gabanmu, kuma abin da kowacce ke ba mutum daban ne. Akwai gandun dajin Yankari da ke ƙofar gidanmu, inda kada yake zaune a ruwansa ba ya jiran kowa. Akwai gidajen zu na Jos da Kano, inda yake kwance a bayan waya. Sannan akwai tafkunan da mutanen gari suka saba da kadoji har ana taɓa su, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na Paga a arewacin Gana. Zan faɗi inda na karkata tun yanzu: Yankari, da rani, kuma a kwana. Sai dai ba kowa wannan zaɓin zai yi wa daidai ba, akwai kuma wanda in ya bi shi zai dawo gida yana jin an yi masa asarar kuɗi.

Kafin maganar wurare, ya kamata a san wane kada ake magana a kansa, domin shi ne ke bayyana yadda aka yi mutum ya zauna kusa da kada a Gana ya tashi lafiya. Da can masana sun ɗauka kadan da ke ruwayenmu da wanda ke Yuganda da Kenya iri ɗaya ne, ana kiransu duka kadan Nilu. A 2011 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa iri biyu ne. Na gabashi da kudancin Afirka ya fi girma, namijinsa yana iya wuce mita 5, kuma shi ne wanda ake gani a talabijin yana fizgar dabba a kogin Mara na Kenya da Tanzaniya. Na Yammacin Afirka ya fi ƙanƙanta, yawanci mita 2 zuwa 3 ne, bai kuma kai ɗan uwansa zafin kai ba. Binciken ya gano har gawarwakin kadojin da Misirawan dauri suka adana irin namu ne. To amma kada mai mita 3 ya fi ƙarfin duk wani ƙato a cikinmu, kuma haƙoransa sun haura 60. Sauƙin halinsa idan an gwada shi da na Nilu ne kawai.

Mu fara da Yankari, tunda shi ne namu. Dajin yana cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi. Daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, kimanin kilomita 110 ne. Ana bin titin Gombe, a wajen Dindima a karya zuwa Mainamaji inda babbar ƙofa take, daga nan kuma akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40 a cikin dajin kafin a isa sansanin. Mutumin Gombe yakan biyo ta Alƙaleri ya sami mahaɗar. Ko daga ina aka taso, tafiya ce ta 'yan awoyi, babu fasfo, babu canjin kuɗi, kuma duk wanda za ka yi hulɗa da shi yana jin Hausa.

Kadojin Yankari suna kogin Gaji ne da fadamun da ke gefensa. Gaji shi ne ran dajin, domin ba ya ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani, saboda maɓuɓɓugan da ke zuba a cikinsa. Maɓuɓɓugar Wikki kaɗai tana tura masa ruwa lita miliyan 21 a kowace rana. Wannan ne ya sa lokacin zuwa yake da muhimmanci fiye da komai. Da damina ruwa yana ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun watsu, wasu hanyoyin cikin dajin ma mota ba ta iya bi. Wanda ya je a watan Agusta neman kada zai sha wankan Wikki ya ga birai, shi ke nan. Daga ƙarshen Disamba ciyawa ta bushe, ido yana kai wa nesa, ƙananan tafkuna sun fara ƙafewa, sai komai ya tattaro bakin Gaji.

A cikin ranin ma akwai bambanci, kuma a nan ne mai neman kada ya sha bamban da mai neman giwa. Jikin kada ba ya ɗumama kansa, da rana yake samun zafi. Da hunturu, a Janairu da farkon Fabrairu, ruwa yana sanyi da dare, don haka da hantsi sai ya fito kan yashi ya shimfiɗe yana shan rana, wani lokaci ya daɗe bai motsa ba. In zafi ya fara yi masa yawa sai ya wangale baki ya bar shi a buɗe, ta nan yake rage zafin kansa. Wannan ne lokacin da ake ganinsa gaba ɗaya, daga hanci har wutsiya. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da giwaye da ɓauna da gwanki suka fi taruwa a bakin ruwa, kada yana fitowa da sassafe ne ya koma ruwa kafin rana ta take, abin da za ka gani da tsakar rana idanu biyu ne da ƙofofin hanci a saman ruwa. Idan kada ne ainihin abin da ya kai ka, ni ina ganin hunturu ya fi. Idan kuma so kake ka haɗa shi da giwa, to ka jure zafin bazara ka shiga motar safe.

Yadda ake yawon shi ne a motar da aka tanada, tare da ma'aikacin gandun daji, sau ɗaya da safe sau ɗaya da yamma. Abin da mutane da yawa ba sa yi shi ne gaya wa jagoran abin da suke so. Shi ya san yawancin baƙi giwa da zaki suke tambaya, don haka in ba ka yi magana ba zai wuce kududdufin da kada yake ciki yana neman sawun giwa. Ka ce masa, Malam, mu kada muka zo gani, a tsaya mana a bakin ruwa. Da ɗan gari akan ci gari, su ne suka san wane gaci kadoji suke kwanciya a kai a wannan makon. Idan an tsaya, a kashe mota, a yi shiru, a ba wurin minti goma ko sha biyar. Kadan daji yana da tsoro, ƙarar inji da hayaniya kan sa ya sulale cikin ruwa kafin ka ɗaga waya. Abin da ka ɗauka guntun icce ne a gefen ruwa, in ka ƙura masa ido da kyau, sau da yawa shi ne. Madubin hangen nesa yana da amfani ƙwarai a nan, ko da ɗaya ne a riƙa miƙa wa juna.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce babu wanda zai yi maka alƙawarin za ka gan shi. Daji ne. Za ka iya fita da safe ka ga uku a jere, wani ya fita da yamma bai ga ko ɗaya ba. In ka gan shi ma, tazarar da ke tsakaninku na iya kai wa mita 20 ko 30, hoton da wayarka za ta ɗauka ba zai burge kowa ba. Shi ya sa nake cewa a kwana: fita biyu ko uku sun fi ɗaya, kuma wanda ya taso daga Gombe da safe yana son komawa a ranar zai isa ne daidai lokacin da dabbobi suka shige inuwa. Amma abin da za ka samu a madadin wannan rashin tabbas ba a samunsa a wani wuri cikin ukun nan. Za ka ga kada a cikin rayuwarsa, tsuntsaye na kiwo a gefensa, gwambaza ta zo shan ruwa tana ɗar-ɗar tana ja da baya, dorina na huci can ƙasa. A nan ne yaro zai fahimci dalilin da ya sa kakanninmu masu zuwa rafi suke girmama wannan dabba suna kuma tsoronta. Ko kadan bai fito ba, ranar ba ta tafi a banza ba, domin dajin yana da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya, da tsuntsaye sama da iri 350, ga kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey waɗanda mutanen dauri suka haƙa.

Wasu kan tambaya ko babu haɗari a wankan Wikki tunda ruwanta Gaji yake tafiya. Wurin da aka ware don wanka ruwa ne garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31 dare da rana, kuma jama'a sun shafe shekaru suna shiga. Abin da ba a yi shi ne bin ruwan zuwa ƙasa, inda ya shige cikin duhuwa. A tsaya inda ma'aikata suka ce a tsaya. Abin da zai fi damun ka a sansanin shi ne gwaggon biri, wanda ya ƙware wajen fizge leda da buɗe ƙofar da ba a kulle ba, sai kuma tsando a bakin kogi, wanda ke bin baƙin kaya da shuɗi. A sa kaya masu ruwan ƙasa da dogon hannu. Batun tsaro ma ba abin ɓoyewa ba ne: an sha jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alƙaleri da ke gefen dajin a 'yan shekarun nan. A kira masu kula da wurin a ji halin da ake ciki kafin a tashi, kuma a yi tafiyar da rana.

Gidan zu maganarsa gajera ce. Wurin namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, yana da kadoji, kuma daga Bauchi ta Toro kimanin kilomita 130 ne, ana zuwa a dawo a yini. Gidan zu na Audu Baƙo a Kano ma yana da su. Na Sanda Kyarimi a Maiduguri shi ne wanda ambaliyar Satumban 2024 ta yi wa mummunar ɓarna bayan fashewar madatsar Alau, har ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Amfanin zu a fili yake: tabbas za ka ga kada, a tazarar 'yan taku, da kuɗi kaɗan, ba tare da kwana ba. Ga mai ƙananan yara, ko tsohuwar da ba za ta iya jijjigar motar daji ba, ko malamin firamare da ke son kai ɗalibai su ga ɓawon bayan kada da jerin haƙoransa da idonsu, wannan shi ne zaɓin da ya dace, kuma ba abin rainawa ba ne.

Abin da ke sosa mini rai a gidajen zu na ƙasar nan shi ne halin da dabbar take ciki da yadda muke mu'amala da ita. Sau da yawa ɗan kwamin siminti ne da ruwa kore, kada ya kwanta kamar gawa, sai yara su fara jifansa da dutse ko su zungure shi da kara don ya motsa, manya na kallo suna dariya. Kwanciyar nan ɗabi'arsa ce, ko a daji haka yake wuni, domin dabba ce mai tattalin ƙarfinta, tana iya daɗewa ba ta ci komai ba. Uban da ya kai 'ya'yansa ya bayyana musu wannan, ya hana su jifa, ya koya musu abin da ya fi ganin kadan kansa. In ana son ganin motsi, a tambayi masu kula da shi ranar da suke ba shi abinci a daidaita zuwa da ita.

Sai Paga, inda yawancin hotunan nan suke fitowa. Gari ne na Kasena a kan iyakar Gana da Burkina Faso, kimanin kilomita 40 daga Bolgatanga. Labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne kada ya kai kakansu ga ruwa a lokacin da ƙishirwa ta kusa halaka shi, daga nan aka haramta kashe kada ko cin namansa, har suna ganin rayukan magabatansu suna tare da kadojin. Tafkuna biyu ne baƙi suka fi zuwa, na sarki da na Zenga. Tsarin ziyarar kusan ɗaya ne kullum: ka biya kuɗin shiga, ka sayi kaza mai rai, masu kula da tafkin su kira kada da kukan kazar, ya fito kan tudu ya kwanta, a zagaya da kai ta bayansa ka tsuguna ka riƙe wutsiya a ɗauke ka hoto, daga ƙarshe a jefa masa kazar. Irin wannan al'ada tana nan a Bazule, kimanin kilomita 30 daga Wagadugu, da kuma tafkin Kachikally a Bakau ta ƙasar Gambiya, inda mata masu neman haihuwa suke zuwa tun da daɗewa. Ta fuskar kusanci babu wanda ya kama ƙafar waɗannan wurare. Za ka ji kaushin fatarsa a tafin hannunka.

Duk da haka ban sa shi a gaba ba, kuma dalilaina uku ne, ba kuma nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne nisa da kuɗi. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma yana buƙatar fasfo da katin rigakafin shawara. Hanyar da hankali zai kwanta da ita ita ce a sauka Akra, a hau jirgi ko mota zuwa Tamale, sannan a yi tafiyar 'yan awoyi zuwa Bolgatanga da Paga. Ratsawa ta Nijar da Burkina, wadda fataken goro suka saba bi, yanzu ba shawarar da zan ba kowa ba ce saboda matsalar tsaro, ga shi ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk wannan wahala don ziyarar da ba ta cika awa ɗaya ba. Wanda harkar kasuwanci ko zumunci ta riga ta kai shi zangon Kumasi ko Tamale, shi kam ya ƙarasa, zai sami masu jin Hausa a hanya, ya haɗa da sansanin bayi na Pikworo da ke kusa da Paga, da dajin Mole da tsohon masallacin Larabanga.

Na biyu shi ne kazar. Da yawa daga cikinmu ba za su ji daɗin ganin an jefa dabba mai rai a bakin wata dabba don mu sami hoto ba, kuma ni ina cikinsu. A daji kada yana farauta don yunwa, wannan kuwa mu ne muka biya aka yi. Mutum yana iya gaya wa masu tafkin cewa kallo kawai ya zo yi daga gefe. Abin da suka yi imani da shi game da kadojin nasu ne, baƙo ba a ce ya yarda da shi ba, ba kuma wurin gardama ya je ba.

Na uku shi ne ya fi nauyi a wurina. Mutanen Paga suna alfahari da cewa kadojinsu ba sa cutar da ɗan gari, yara ma suna iyo a tafkin, mata na wanki a bakinsa. Kadoji ne irin na Yammacin Afirka, a ƙoshe suke, sun kuma saba da mutane tun suna ƙanana. Amma Hausawa sun ce sabo turken wawa. A Yamusukuro ta ƙasar Kwaddibuwa akwai tafkin kadoji a gefen fadar tsohon shugaban ƙasa Houphouët-Boigny, kuma mutumin da ya shafe gomman shekaru yana ciyar da su, ya san kowanne da sunansa, a 2012 ɗaya daga cikinsu ya ja shi cikin ruwa a gaban masu kallo, ajalinsa ke nan. Idan wanda ya san su haka bai tsira ba, baƙon da ya sauka daga mota minti biyar da suka wuce ba shi da dalilin sakin jiki. Wanda ya je Paga ya bi umarnin masu wurin ƙafa da ƙafa, kar ya bi ta gaban kan kada, kar ya shiga tsakaninsa da ruwa, kuma kar a ɗora ƙaramin yaro a bayansa komai kyan hoton da za a samu.

Masu hali da ke son ganin manyan kadoji na gaske, sai su duba gabas: jirgin ruwa a kogin Nilu zuwa gindin magangarar Murchison a Yuganda, ko tafkin Chamo kusa da Arba Minch a Habasha, inda suke kwanciya da yawa a gaci ɗaya. A birnin Darwin na Ostareliya har keji ake sa mutum a ciki a zura shi cikin ruwa tare da kadan ruwan gishiri, irin da ya fi kowanne girma a duniya. Wanda aka kama a Filifin a 2011 tsawonsa mita 6.17 ne. Waɗannan tafiye-tafiye ne na biza da dala, ba su ne ke gaban yawancinmu ba.

Akwai wata hanya ta huɗu da matasa kan yi tunaninta, ita ce a sami masunci a Daɗin Kowa ko wani wuri a kogin Gongola a ba shi ɗan wani abu ya zagaya da su a kwalekwale. Kar a yi. Madatsar Daɗin Kowa wuri ne mai kyan gani, amma an san ta da dorinai, kuma dorina tana kifar da kwalekwale cikin ƙiftawar ido, manoma da masuntan yankin sun sha yin kuka da ita. Babu rigar ruwa, babu ma'aikacin da aikinsa ne ya kare ka. Ko a tudu ne, a duk ruwan da ake zaton akwai kada, a Ostareliya shawarar da hukuma ke bayarwa ita ce a tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, domin daga nan yake yin tsalle ya kama. Macen da ta binne ƙwai a yashi kuma takan yi gadinsu kusan wata uku, kuma a wannan lokacin ba ta da haƙuri da duk wanda ya matso.

Ta fuskar aljihu, zu ya fi araha nesa ba kusa ba, Paga ya fi tsada, Yankari yana tsakiya, kuma tsadarsa tana raguwa sosai in an tafi a ƙungiya. Ana biyan kuɗin shiga na kowane mutum, da na mota, da na ɗaki, da na motar yawo, to wannan na ƙarshen da kuɗin mai su ne ake rabawa. Abokai shida ko takwas daga Gombe ko Bauchi da suka haɗa kuɗi suka tashi ranar Asabar da safe za su sami fitar yamma, su yi wankan Wikki da dare, su sake fita Lahadi da safe, su kamo hanya bayan azahar. Farashi yana sauyawa, don haka a tambaya a kuma kama ɗaki tun kafin ranar, musamman a makon Kirsimeti da sabuwar shekara da lokacin bukukuwan Sallah, sanda sansanin ke cika maƙil, hayaniya ta yi yawa, motocin yawo su yi kaɗan. Wanda zai iya samun hutu a tsakiyar mako cikin Janairu, bayan an koma makaranta, shi zai fi samun bakin Gaji yadda mai neman kada yake so.